Taliyar da Gwaggo Ta Ɗora a Wuta

Ranar da ofishinsu ya shirya wa babban akawu liyafar ban-kwana, Auta ya so ƙwarai a ce yana da uzurin da zai hana shi halarta. Shi mutum ne da taro ke gajiyar da shi fiye da aiki. Yana iya wuni a gaban kwamfuta yana zana matakalar bene, ya goge ya sake zanawa, ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Amma a tara mutane a ɗaki ɗaya, a ce kowa ya tofa albarkacin bakinsa, sai ya ji kamar an aza masa buhun siminti. Tun yana jami'a haka yake, kuma shekarun da ya yi a ofishin zanen gine-gine ba su sauya masa hali ba.

Saboda haka da aka fara jawabai, sai ya zame zuwa ƙarshen ɗakin, inda aka jera abinci a kan dogon tebur. A nan ya gan ta.

Tana tsaye tana jera cokula, ta ɗaura farar rigar girki a kan doguwar riga ruwan toka. A gabanta akwai wani faffaɗan kwanon gilashi cike da taliya mai siffar dodon koɗi, gauraye da jan tumatir, koren kokwamba, karas da ƙwayoyin masara. Don kada a ce ya tsaya kallon 'yar mutane, sai ya ɗauki faranti ya ɗiba, ya kai cokali ɗaya baki.

Sanyi ƙalau.

Tausayinta ya kama shi. Ya hango yadda matan ofis za su yi da ita idan suka taso, ya daɗe yana shawara da zuciyarsa, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Malama, kada ki ji haushi. Wannan ya huce. Akwai na'urar ɗumama abinci a kicin ɗinmu, in kina so in kai miki kafin mutane su taso."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi kwanon, sannan ta rufe baki da bayan hannu tana dariya.

"Allah ya saka da alheri. Amma in ka ɗumama mini shi, ni da kai sai a gaban alƙali. Salak ɗin taliya ne, da sanyinsa ake ci. Tun jiya yake kwance a firiji, yau ma a cikin ƙanƙara na ɗauko shi."

Auta ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Ƙara cokali ɗaya," in ji ta, "amma wannan karon kada ka ci da niyyar tausaya mini."

Ya ƙara. Sai a lokacin ya ji tsamin lemo, ya ji ɗan yajin masoro, ya ji kokwamba tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Ya ci farantin tas, ya ƙara wani, yana tsaye a wurin har aka gama jawabai, bai sake cewa komai ba. Da za ta tafi ya taya ta ɗaukar kula zuwa bakin titi. A jikin murfin an liƙa lambar wayarta, ya haddace ta kamar wanda zai shiga jarrabawa.

Sai da mako ya kusa zagayowa ya iya tura saƙo.

"Assalamu alaikum. Ni ne mutumin da ya so ya ɗumama miki salak. Ina neman afuwa."

Amsa ta zo nan take.

"Wa alaikumus salam, Malam Shiru. An yafe maka, tunda ka cinye faranti biyu. Ina ƙirgawa."

Ya ajiye lambarta da sunan Ƙanƙara, kuma sunan ya bi ta.

Kimiyyar abinci ta karanta a jami'a. Da aikin ofis ya ƙi samuwa, sai ta mayar da garejin gidansu kicin, tana yi wa ofisoshi da masu taro girki. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, teburinsa na bakin ƙofa, kullum da ƙaramin madubi maƙale a ido ɗaya. Da Auta ya fara zuwa, tsohon yakan amsa gaisuwarsa, ya nuna masa benci a bakin garejin, daga inda yake iya ganinsu duka biyu.

A kan bencin nan Auta ya koyi cewa abincin da ya ɗauka na ganganci ne yana da ƙa'idoji fiye da zanen bene. Ta nuna masa yadda take sauke taliya tun da sauran ƙarfinta, ta juye a kwando, ta sakar mata ruwan sanyi har tururin ya mutu. Ta nuna masa yadda take ƙwaƙule cikin kokwamba don kada ya saki ruwa, da yadda take jiƙa albasa a ruwan lemon tsami don ta rage kaifi.

"Me ya sa sai ya kwana?" ya tambaye ta wata rana.

"Saboda ba su san juna ba. Taliya daban, tumatir daban, kowa yana jin kansa. In suka kwana wuri ɗaya sai su saba." Ta harare shi da wasa. "Kai ma ai sai da ka yi wata guda a bencin nan kafin ka fara magana."

"Ina magana a zuci."

"To ni ba a zuci nake zaune ba, Malam Shiru."

Ya daɗe yana kallon hannunta tana yanka tattasai. Sannan ya ce, "Ai a zuci kike zaune."

Wuƙar ta tsaya. Daga bakin ƙofa tsohon ya yi gyaran murya, ya ci gaba da murɗa agogonsa.

Saƙonninsu suka yawaita. Shi a rubuce ya fi iya magana.

"Ƙanƙarata, yau na zana kicin ɗin wani gida, na sa masa taga babba ta gabas. Sai da na gama na gane ke nake zana wa."

"Zumana, a ƙara wurin firiji biyu. Ka san halina."

Abin da ya rage shi ne Umma, mahaifiyarsa. Tun rasuwar mahaifinsu ita ce uwa ita ce uba, kuma duk unguwar an san teburinta. Baƙo bai taɓa shiga gidanta ya fita bai ƙona harshe ba. Abinci daga wuta sai faranti, in ka yi jinkirin wanke hannu sai ta mayar da shi tukunya. Auta ya gaya mata yana da wadda yake so, ta ce to, a kawo ta ta gani.

Dama ta samu lokacin da aka ƙara wa yayarsa girma a asibitin da take aikin jinya, Umma ta ce za ta tara dangi da abokan arziki cin abincin rana ranar Asabar. Ƙanƙara ta ce za ta aiko da tata gudummawar da safe, ita kuma ta zo gaisuwa bayan la'asar.

Tun ranar Juma'a ta haɗa salak ɗin taliya. Ta zaɓi tumatir ɗaya bayan ɗaya, ta kaɗa mayonis da man zaitun da ruwan lemo har ya yi santsi, ta zuba a kwanon gilashin nan da ta fi ji da shi. Da Auta ya zo ɗauka, ta riƙe hannun kular ba ta saki ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ka gaya musu kada a ɗumama. A sa shi a firiji, sai za a ci a fito da shi."

"Zan faɗa."

"Da baki fa, ba a zuci ba."

Ya yi dariya, ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ya tarar da kicin ɗin gidansu cike da mata, tururi ya turnuƙe, kowa da abin da take juyawa. Mai ba da umarni ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, mace mai murya kamar lasifika, wadda ba ta taɓa shiga kicin ɗin wani ta zauna a matsayin baƙuwa ba.

"Gwaggo, ga saƙo daga..."

"Daga surukarmu! Jama'a ku zo ku gani, Auta an girma, har an fara dakon kular budurwa!"

Matan suka kwashe da shewa. Wata ta ce a duba ko ya ɗanɗana a hanya, wata ta ce ai ga alama nan a kumatunsa. Maganar tana bakinsa, ya ji ta a kan harshe, amma idanun nan da dariyar nan suka danne ta.

"Ajiye can," in ji Gwaggo, "ka je ka kwaso kujeru, baƙi sun kusa."

Ya ajiye ya fita, yana gaya wa kansa cewa in sun lafa zai dawo ya faɗa wa Umma ita kaɗai. Kujeru suka ja shi zuwa rumfa, rumfa ta ja shi zuwa ɗauko wani kawu daga tasha. Da ya dawo, tun daga tsakar gida wani wari mai tsami ya tare shi.

Gwaggo tana tsaye a kan babbar tukunya tana juyawa da ƙarfinta.

"Yarinyar nan ƙanƙara ta aiko mana, wallahi har haƙorina ya amsa. Da ba na nan da mun sha kunya. Na ɗan ƙara ruwa da mai, yanzu zai dawo hayyacinsa."

Ya leƙa. Kokwamba ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa, tumatir ya fashe, mayonis ya tsinke, mai a sama, gudaji-gudaji a ƙasa. Taliyar ta narke ta kama gindin tukunya. A haka aka mayar da shi cikin kwanon gilashin, aka kai tsakiyar tebur.

Duk wanda ya ɗiba sai ya ture shi gefen faranti. Wata abokiyar aikin Yaya ta tambaya a hankali wa ya yi wannan, Gwaggo kuwa ta ba ta amsa yadda har na bakin ƙofa sai da ya ji.

Bayan la'asar Ƙanƙara ta iso, ta yi kwalliya daidai misali, ta durƙusa ta gaida Umma a falo a gaban sauran baƙi. Tana ɗagowa idonta ya sauka a kan kwanonta. Auta yana tsaye a jikin labule, ya ga lokacin da fuskarta ta sauya.

"Sannu da ƙoƙari," in ji Umma, muryarta ba yabo ba fallasa. "Sai dai a gidan nan ba a ba baƙo abinci mai sanyi. Mun ɗumama, kin ga kuma yadda ya koma. A riƙa kula, 'yata. Girki ba a yi masa gaggawa."

Ƙanƙara ba ta dubi Umma ba. Auta ta duba. Kallon bai daɗe ba, amma ya ishi mutum ya faɗi jimla ɗaya. Falon ya yi tsit, idanun baƙi suka biyo nata zuwa kansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon tayil.

"Ku yi haƙuri, Umma," in ji ta. Ta ɗan zauna na ladabi, sannan ta ɗauki kwanonta da abin da ke ciki, ta yi sallama.

Da baƙi suka watse Umma ta kira shi.

"Yarinyar tana da kunya, ban ƙi ta don hali ba. Amma wadda za ta aiko wa uwar miji abinci daga firiji a ranar farko, me za ta ba ka in an kwana biyu? Ban raine ka da ɗumi don wata ta riƙa tura maka abin da ya kwana ba. Ka sake tunani."

Nan ma bai ce komai ba. Ya gaya wa kansa cewa ranta a ɓace yake, ba lokacin bayani ba ne. Ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Ya tura saƙonni, dogaye, masu tsari. Sai washegari da hantsi amsa ɗaya ta zo.

"Ban ji zafin Gwaggo ba, ba ta sani ba. Umma ma ba ta sani ba. Kai ka sani. Na dube ka, ka dubi ƙasa. In a kan kwanon taliya ba za ka iya buɗe baki saboda ni ba, ranar da abin ya fi taliya fa?"

Ya karanta ya sake karantawa. Duk tsawon rayuwarsa ya ɗauki shirunsa a matsayin kamun kai, har yana ɗan alfahari da shi a ɓoye, yana ganin masu surutu ba su da zurfi. Yanzu ya ga cewa shirun da wani ke biyan kuɗinsa ba kamun kai ba ne. Kwanaki ya yi yana zuwa ofis yana zana layukan da ba su haɗuwa.

Da ya kasa daurewa ya tafi gidansu. Garejin a rufe, ta fita kai abinci. Tsohon ya nuna masa kujera kusa da teburinsa, ya cire madubin daga ido.

"Manajan ɗakin taron da take yi wa girki ya zo neman aurenta shekaranjiya, shi da kawunsa. Mutumin kirki ne, kuma bakinsa ba ya ciwo, ya faɗi abin da ya kawo shi tun kafin ya zauna. Ban ba su amsa ba. Ita ma na tambaye ta, ta ce in ba ta lokaci." Ya ɗauki wani agogo ya kara a kunne. "Ni ba na korar kowa, ɗana. Amma agogo, ko ba ka ji ƙararsa ba, tafiya yake yi."

A hanyar komawa Auta ya tsaya a gefen titi ya rubuta mata saƙo mafi gajarta da ya taɓa rubutawa.

"Don Allah ki turo mini yadda ake yin salak ɗin."

Amsar ta zo babu gaisuwa, babu sunan wasa.

"Tafasa taliya da gishiri, kada ta yi laushi. Tace, wanke da ruwan sanyi, bar ta ta tsane. Yanka kokwamba, tumatir, karas, tattasai, albasa. Cire cikin kokwamba. Kaɗa mayonis, man zaitun, lemon tsami, masoro. Haɗa. Rufe. Firiji, aƙalla awa biyu, in ya kwana ya fi. Kada a ɗumama."

Ranar Lahadi da sassafe Umma ta ji ƙarar tukwane. Ta fito ta tarar da autanta, wanda ko shayi sai an haɗa masa, tsaye a kicin da leda-leda na kayan miya, wayarsa jingine da gwangwanin sukari, hawaye na zuba saboda albasa.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Umma, ina son ki zauna. Akwai maganar da ya kamata in yi tun ranar taron Yaya."

Ta ja kujera ta zauna, don ba ta saba jin wannan muryar a bakinsa ba.

Ya faɗa mata duka, yana yanka yana magana, muryarsa na rawa da farko, daga baya ta daidaita. Ya ce abincin da sanyinsa ake cinsa, haka aka ƙirƙire shi, don taro, don a yi shi tun jiya mai gida ta samu sararin zama da baƙinta. Ya ce yarinyar ta roƙe shi abu ɗaya tak, ya gaya musu kada a ɗumama, shi kuma dariyar su Gwaggo ta kore shi. Ya ce da ta dube shi a falo, tsoro ne ya hana shi magana, ba ladabi ba.

Umma ba ta katse shi ba. Tana kallon yadda yake fama da kokwamba, yana sassaƙa ta kamar itace. Can ta miƙa hannu.

"Kawo wuƙar nan kafin ka yanke yatsa. Me ta ce a yi da cikin?"

"A cire."

Ta cire. Ta yanka karas ƙanana yadda saƙon bai ma faɗa ba. Da ya juye taliya a kwando ya sakar mata ruwan famfo, sai da Umma ta kau da kai, kamar wadda ake yi wa ɗanta allura. Suka kaɗa, suka haɗa, suka rufe, suka sa a firiji. Aikin ya ci musu safiyar gaba ɗaya.

"Duk wannan wahalar ta sha?"

"Nata ya ninka wannan sau da yawa, Umma. Tun ranar Juma'a ta fara."

Umma ta ɗauki tsumma tana goge hannu. Da ta yi magana, ba shi take kallo ba.

"Ka san a gidan kawuna na tashi, bayan rasuwar babanmu. Ba su zalunce ni ba, yara ne suka yi yawa. Ni ke rabon abinci, ni ke ci a ƙarshe. Kafin in zauna, mai ya daskare a gefen kwano, sai in kankare da cokali. Ba yunwa ce ke sa ni kuka ba, sanyin ne, don shi ke gaya mini babu wanda ya tuna da ni. Ranar da na samu kicin nawa na yi alkawari, babu wanda zai ci sanyi a gidana." Ta ninke tsumman. "Da na taɓa kwanon yarinyar nan na ji shi kamar ƙanƙara, can na koma."

Auta bai taɓa jin wannan labarin ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar yadda yake yi yana yaro.

Bayan azahar suka fito da kwanon. Umma ta ɗiba kaɗan, ta tauna a hankali. Ta ƙara ɗiba.

"Gishirinka ya yi yawa, taliyar kuma ta wuce. Amma na gane inda aka dosa." Sai ta ajiye cokalin, ta juyo gaba ɗaya. "Kai kuma, ka tsaya kamar ginshiƙi ka bar ni na ci fuskar 'yar mutane a gaban baƙi? Ni ka kunyata, ba ita ba. Ba ni wayar nan."

Ya lalubo lambar ya miƙa mata. Ta dubi sunan, ta dube shi, ta girgiza kai.

"Assalamu alaikum, 'yata. Ni ce mahaifiyar wannan kurman. Ga shi nan ya yi mini ɓarna a kicin, ya zuba gishiri kamar na gado. In ba ki da aiki, ki zo ki nuna mini yadda ake gyarawa. Kuma ina da haƙurin da zan ba ki, ba na son in ba da shi ta waya."

Kafin la'asar Ƙanƙara ta iso. Umma ta tare ta tun daga ƙofa, ta kama hannunta, suka shige kicin suka rufo, aka bar Auta a tsakar gida. Ya ji muryoyi ƙasa-ƙasa, daga baya ya ji dariyar Umma, irin wadda rabonsa da ji tun mahaifinsu na da rai.

Da ta fito zai raka ta, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta dube shi ba.

"Umma ta ce kai ka faɗa mata, da bakinka."

"Na makara."

"Ka makara."

"Ba zan ce miki na zama mai surutu ba, Ƙanƙara, ƙarya zan yi. Amma duk ranar da aka taɓa ki a gabana, ko muryata na rawa, za a ji ta. Ina son ki. Ina son in aure ki. Gobe zan je in faɗa wa Babanki haka, kafin in zauna."

Ta ɗago. Idanunta sun cika, amma bakinta ya fara murmushi.

"Wa ya ba ka labarin manaja?"

"Mai agogo."

"Baba ke nan. Tun ranar na ce wa manajan a'a, Baba ne ya ce in bar shi ya ɗan murɗa ka."

Gwaggo ce ta fi wuyar shawo kai. Ta rantse ita gyara ta yi, kuma har gobe ba ta yarda akwai abincin da wuta ke ɓatawa ba. Amma da aka sa rana, ita ta fi kowa rawar ƙafa, tana gaya wa duk wanda ta gani cewa ita ta fara gano yarinyar tana da haƙuri.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar mai haske, dangi da abokan aiki suka cika gida, har tsohon babban akawu ya zo da sandarsa. Da yamma aka raka amarya gidan da Auta ya kama, hawa na biyu, mai taga babba a kicin. Kayan ba su gama zama ba, labule ɗaya ma a karkace yake.

Da 'yan rakiya suka fara haramar tafiya, Umma ta sa ango da amarya suka zauna a gabanta. Ta kama hannun amaryar ta riƙe cikin nata biyu.

"'Yata, ga shi nan na ba ki amana. Zuciyarsa mai kyau ce, bakin ne sai an tura. In ya yi miki shiru, kada ki yi kuka ke kaɗai, ki kira ni, mu haɗu a kansa." Aka yi dariya, ita kuwa muryarta ta karye. "Allah ya sa albarka a wannan gida. Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Allah ya sa duk wanda ya shigo nan ya san an tuna da shi."

Ɗakin ya amsa da amin. Muryar Auta ta fi ta kowa ƙarfi, har Gwaggo da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo tana tambayar wane ne wannan.

Amarya ta sunkuyar da kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa da dariya, ta lalubo hannun mijinta ta riƙe.